Makarantar Kawo-Nan

Yayana bai taɓa iya tsayawa ya kalli mutum yana yin abu ba daidai ba. Ko igiyar takalmi kake ɗaurewa, in ya ga ka ɗauko ta a baibai, kafin ka ankara ya durƙusa a gabanka ya ture maka hannu. "Kawo nan," zai ce. Ba shi da maganar da ta wuce wannan a bakinsa, har ta zame masa suna. A layinmu in ka tambayi mai gyaran keken ɗinki sai an tsaya tunani, amma ka ce Kawo-Nan, kowa zai nuna maka shagon da ke ƙarƙashin matattakalar benenmu.

Mutane suna yaba masa wannan hali, wai mai taimako ne. Ni da na tashi a hannunsa na san abin da ke ciki. Shekarata talatin da huɗu ban iya hawa keke ba, don duk ranar da na fara tangal-tangal sai ya sauke ni ya hau ya nuna mini yadda ake yi, ya yi ta zagaye fili ina tsaye ina kallo. Ban iya sauya ƙwan lantarki ba. Maɓalli in ya tsinke mini a riga, har yau sai na kai wa tela, ni ƙanwar mai gyaran keken ɗinki. Taimakon Yaya barin ka yake yi a inda ya same ka, abin da kawai za ka ƙaru da shi shi ne jin cewa ba ka iya komai ba.

Shi ne babba a gidanmu, ni ce auta. Yana aji biyar ciwon baya ya kwantar da babanmu, aka cire shi daga makaranta aka kai shi koyon gyara, ni kuwa aka bar ni na gama. Bai taɓa yi mini gori da baki ba, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Da ido yake yi. Duk ranar da na ɗauki takarda na karanta a gabansa ban yi tuntuɓe ba, sai ya sha mur ya shiga goge abin da ba ya bukatar guga. Shi karatunsa sai da yatsa, kalma-kalma, leɓe na motsi. Amma hannu, sai dai a ce masha Allah. Keke zai zo masa yana cin zare yana karya allura, ya kara kunne ya juya shi sau biyu, ya faɗa maka ciwonsa tun bai ɗauki sukudireba ba.

Shagon ɗan tsukuku ne, rufinsa a karkace saboda matattakalar da ke bisansa, in kana da tsayi sai ka sunkuya a ɓangare ɗaya. Kawunan kekuna jere a kan kanta, kowanne da 'yar takarda ɗaure a wuya. Gwangwanaye cike da noti da kwarkwaro, bel-bel rataye a ƙusa, ko'ina warin man keke. Shi da matarsa suna hawa na biyu, ni ina ɗaki ɗaya a hawa na uku, shagona na fotokwafi da buga takardu kuma yana tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a idona aka yi shi.

Matar Yaya a ɗakin wankin wani asibiti take aiki. Tana fita da sassafe, ta dawo da yamma hannuwa sun yi fari fat da sabulu, ba ta da sauran ƙarfin musu da kowa. 'Yarsu ɗaya, muna ce mata Tsuntsuwa saboda sirantarta da yadda take tsakurar abinci. Yarinya ce mai sanyi, ba ta da hayaniya, karatu kuma bai zo mata da wuri ba. Ni ban ga abin tashin hankali a nan ba. Tana shekara takwas, ƙarshen aji biyu, malamarsu ta tare Yaya a bakin get ta ce masa cikin ladabi yarinyar ba ta kama haɗa baƙi ba tukuna, gara ta maimaita ajin ta samu gindin zama.

Da ni aka faɗa wa, da godiya zan yi. Yaya kuwa ji ya yi kamar an zage shi ta uwa ta uba.

"Maimaita? 'Yata?" Haka ya faɗo shagona yana huci, riƙe da hannun yarinyar. "Yara arba'in a ɗaki ɗaya, ita malamar ta ma san sunansu kuwa? Su suka kasa, shi ne za su ɗora wa yarinya. Ni zan koya mata da kaina."

Na ce, "Yaya, kai da wa?"

Kallon da ya yi mini ya sa na san na taɓo inda ba a taɓawa. Ina jin da na kama bakina, da ya huce cikin kwana biyu ya mayar da ita. To, ban kama ba.

Inda muke an yarda ka koyar da ɗanka a gida, muddin ka cika takardu kuma ka kai shi ofishin ilimi a gwada shi bayan shekara biyu. Matarsa ce ta cika takardun, tana cikawa tana ajiyar zuciya. Wani tela daga cikin masu kawo masa gyara ya ba shi labarin wata manhaja mai koyar da yara karatu da lissafi, wai malama ce sukutum a cikin kwamfutar hannu. Mako bai zagayo ba kwamfutar ta iso, a gidan kuma ba a kiranta komai sai allo.

Ba zan hana shi yabonsa ba, makarantar da ya haɗa ta yi kyau. Ya ɗauko teburin wani tsohon keke, ya cire kan, ya toshe ramin da katako, ya rage masa ƙafafu daidai tsayin yarinya. Ya ƙera wa allon mazauni na ƙarfe mai juyawa ko'ina. Ya ajiye su a lungun da rufi ya fi sauka, inda ba mai iya miƙewa tsaye sai ita. Ya rubuta jadawali da hannunsa ya manna a bango, karatu da safe, lissafi kafin azahar. Akwai kuskure uku a rubutun, na gani na yi shiru, wannan karon na koyi darasi.

Manhajar ba ta da wuyar ganewa. Mataki goma sha biyu ne. Tana kawo tambaya, in yaro ya taɓa amsar daidai sai ta yi wani ɗan ƙara mai daɗi, ƙililin, tauraro ya fito. In ya kuskure sai ta yi gurnani, buu, ta koma da shi baya ta sake kawo masa abin ta wata hanya, da hoto, da murya, har sai ya kama. In kuma ya jera amsoshi daidai da yawa, sai ta ce ya iya, ta ɗaga shi sama. Wato da kuskuren yaro take aiki, shi ne yake gaya mata inda za ta tsaya ta koyar. Ko ni da ba malama ba na gane haka tun ranar farko.

Makon farko, daga tsallaken titi ina jin buu ya fi ƙililin yawa. Na ce madalla, aiki ya kankama. Amma ina hango Yaya ta ƙofa. Duk buu ɗaya sai kafaɗarsa ta motsa kamar an tsikare shi da allura. Zai ajiye abin da ke hannunsa, ya leƙo, ya koma, ya sake leƙowa.

Da gyaran murya ya fara. Yatsan yarinya zai nufi amsar da ba ita ba, sai ya ɗan yi tari, ta janye. Daga nan ya koma nuni da bakin sukudireba, wai yana kaɗe ƙura a gefen allon. Daga nan ya fara kama yatsanta da hannunsa mai baƙin mai yana kai shi wurin. Wata bai cika ba na shiga kai musu burodi, na tarar da shi durƙushe a lungun, kansa na gugar rufi, allon a hannunsa, ita tana gefe ta zuba tagumi.

"Yaya, wa ke karatun?"

"Nuna mata nake."

"Ka bar ta ta kuskure mana. Don haka aka yi abin."

"Ke ba ki da ɗa, ba ki san yadda ake ji ba," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Wannan buu ɗin karya wa yaro zuciya yake. Ai abin da suke mata ke nan a can na ciro ta."

Na ajiye burodin na fita, don in na tsaya zan faɗi abin da ba a faɗa wa yaya.

Daga nan buu ya ɓace a layinmu. Ƙililin, ƙililin, tun safe har rana ta take, har masu shagunan kusa suka fara kwaikwayonsa in sun ga Yaya zai wuce. Manhaja kuwa ba ta da ido. Ta ga amsa ɗari daidai a jere, ta ce ta tsinci haziƙa, ta ɗaga ta mataki na uku, na huɗu, na biyar. Duk ƙarshen mako tana fitar da rahoto mai zane, wani koren layi yana ta hawa sama. Yaya zai tsallako titi ya ce in buga masa a takarda mai kauri, mai launi, ya je ya manna a bangon shago tsakanin bel-bel. Duk telan da ya shigo sai ya sha labari: yarinyar da aka ce ta maimaita aji biyu, ga ta tana aikin 'yan aji biyar. Na buga masa, ban ƙi ba. Wannan laifina ne, kuma ina ɗauke da shi.

Akwai wurin da manhajar ke so yaro ya karanta da murya tana saurare. Na ɗauka a nan asirinsa zai tonu. Ina! Sai ya riƙa raɗa mata a kunne kalma-kalma, tana maimaitawa da ƙarfi. Tsuntsuwa ta ƙware a maimaici, har da lanƙwasa murya kamar mai karanta labarai a rediyo. Idonta kuwa ba ya kan allon.

A mataki na shida abin ya fara fin ƙarfin shi kansa malamin, don a nan karatunsa na aji biyar ya ƙare. Mai hankali sai ya tsaya ya ce, to, mun zo inda ban sani ba, bari mu koma baya. Yaya kuwa ɗamara ya ɗaura. In an tashi makaranta sai ya zauna a kan allon yana bin darasin gobe. Kwalayen allura duk ya cika bayansu da raba lamba mai tsawo. Keken mutane ya fara kwana uku, kwana huɗu a kan kanta, shi da ba ya bari gyara ya kwana. Ranar nan wani tsohon tela ya zauna kusan awa guda yana jiran a ɗaure masa bel, Yaya na can yana fama da uku bisa takwas a haɗa da ɗaya bisa shida.

Wannan ɗin har wurina ya kawo shi, amma a kaikaice. Ya tsaya a bakin shagona yana wasa da sukudireba, ya ce wai Tsuntsuwa ce ke tambaya, in lambobin ƙasa ba su zo ɗaya ba yaya ake yi. Na nuna masa a bayan takarda. Wallahi sau ɗaya na nuna, ya kama. Idonsa ya yi wani haske da rabona da ganinsa tun muna yara, ya fizge biron daga hannuna ya ƙarasa da kansa, ya juya ya tsallaka titi ko mota bai duba ba. Na tsaya ina kallon bayansa. Tausayinsa ya so ya kama ni, sai na hango yarinyar zaune a ƙasa a bakin shago, tana ware noti manya da ƙanana cikin gwangwani biyu. Aikinta ke nan a makarantar yanzu. In an ci tauraro sai a kira ta ta gani.

Na san ba ta koyon komai, amma ban san abin ya kai inda ya kai ba. Wata Asabar, tana shekara tara da rabi, ta zo taya ni zama a shago. Na buga wa mutum uku takardu na sa a ambulan uku, na rubuta a bayan kowanne da manyan baƙaƙe: DIREBA, MALAMA, KAFINTA. Direban ya zo karɓar nasa hannuna na cikin injin da ya cije takarda, na ce, "Tsuntsuwa, miƙa masa nasa."

Ta ɗora yatsa a kan na farko. Ba ta kalli rubutun ba, ni ta kalla. Ta matsa zuwa na biyu, ta sake kallona, tana bin girata da bakina. Sai na gane abin da take yi. Jira take fuskata ta gaya mata. Na daure na ƙi motsa ko da ƙwayar ido. Ta kai na uku, ta dawo na farko.

"Gwaggo, ba ki yi komai ba," ta ce ƙasa-ƙasa. "Baba in na zo kan daidai yana ɗaga gira."

Na miƙa wa direba ambulansa, na rufe shago da rana tsaka, na tsallaka titi. Akwai tela a zaune, ko a jikina.

"Shekara ɗaya da rabi, Yaya! Yarinya ba ta iya karanta direba ba, kai kana nan kana manna takardun ƙarya a bango!"

"Ƙarya? Injin ne zai yi ƙarya? Ai ke kika buga su."

"Injin bai yi ƙarya ba, gaskiyar wanda ya amsa ya faɗa. Kai ne ɗan mataki na tara, barka da ƙoƙari. Ita tana nan inda malamarta ta bar ta, in ma ba ta koma baya ba."

"Tana ji ai. Duk abin da nake yi tana zaune tana ji, yana shiga. Ni da kallo na koyi gyara."

"Da kallo? Keke nawa ka lalata kafin ka iya? Maigidanka ƙwace maka sukudireba yake yi?"

Ya ce in fita masa daga shago, kuma kada in ƙara tsoma baki a tarbiyyar 'yarsa tunda ban haifa ba. Ya hana yarinyar tsallakowa wurina. Wata biyar muna haɗuwa a matattakala kowa ya kalli bango.

Wata rana na tare matarsa a hawa na biyu tana laluben makulli a jaka. Na ce, "Ke kin sani?"

"Tun yaushe," ta ce. "Sau biyu na yi magana. Na biyun kwana huɗu bai ci abincina ba. Ni kuma ki dube ni, in na dawo ko cokali da ƙyar nake ɗagawa." Ta buɗe ƙofar, ta tsaya. "Kuma ƙanwata, shekara goma sha biyu muna tare, ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na yanzu ba."

Na ce mata farin cikin nan da shekarun 'yarta yake yin sa. Ta shiga ta rufe ƙofa a hankali. Ita ma na ji haushinta, amma ba kamar nasa ba.

Da ranar gwaji ta zo, ita ce ta hawo sama ta ce don Allah in raka su. Ofishin doguwar baranda ce da kujerun roba, a ƙarshenta wani ɗaki mai tebur ɗaya da taga ɗaya. Yaya ya sha riga mai guga, rahotannin duk ya ɓamɓaro su daga bango ya jera a fayil, allon kuma a hammata. Ban san abin da yake tsammani ba. Ina jin ya faɗa wa mutane labarin har shi ma ya yarda da shi.

Jami'ar wata dattijuwa ce mai tabarau. Ta buɗe fayil ɗin ta gyaɗa kai, ta ce mataki na sha ɗaya an gama, masha Allah. Ta zaunar da yarinyar a gaban tebur, mu kuma ta nuna mana kujerun da ke jikin bango, a bayanta. Ta ba ta takardar 'yan aji shida da fensir.

Tsuntsuwa ta riƙe fensirin ta waiwayo.

"Gaba za ki kalla, 'yata," in ji jami'ar.

Minti biyar ba abin da ya motsa. Matar ta janye takardar ta sa ta aji biyar. Ta janye ta sa ta huɗu. Ta uku. Duk takardar da aka janye sai na ji kujerar Yaya ta yi ƙara. Ya damƙe gwiwoyinsa da hannu biyu, gumi na bin wuyan rigar. Sau ɗaya ya yunƙura zai tashi, jami'ar ta ɗaga masa hannu ko kallonsa ba ta yi ba, ya koma. A takardar aji biyu yarinyar ta ɗora yatsa ta fara haɗawa, a hankali, tana tsayawa tana komawa. Kalma huɗu ta fitar cikin goma. Ranar na fara jin muryar karatunta ta gaskiya, 'yar siririya.

Jami'ar ta cire tabarau ta goge. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Wa yake amsawa a allon?"

Na juya na kalli Yaya.

"Ba ku ne na farko ba," ta ce. "Yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce, ba a bar ta ta yi ba ne. Hanya biyu ce. Ko ta koma makaranta aji biyu, ko ta ci gaba a gida wata shida, ana kawo mini ita duk wata. Gaskiya na fi so mata ta biyun. 'Yar shekara goma a cikin 'yan shekara bakwai ba ƙaramin abu ba ne, manhajar kuma in an bar ta ta yi aikinta za ta iya cim ma tsararta. Amma da sharaɗi. A goge duk abin da ke ciki, yanzu, a gabana, ta fara daga mataki na ɗaya ita kaɗai."

Ta karɓi allon, ta shiga inda ake gogewa, ta juya shi ta tura gaban Yaya. Wuri ɗaya ne zai taɓa.

Ya taso ya tsaya a kansa. Ya daɗe yana kallo. Ni har na fara sauke numfashi, don a raina na ce duk taurin kansa wannan ba abin tunani ba ne.

"A mataki na sha biyun darasi tara kawai ya rage," ya ce. "Ba za a iya ba da mako biyu ba? Ko a buɗe mata wani daban, a bar wannan?"

Matarsa ta rufe fuska da gyale. Ni na ce, "Yaya!" da ƙarfin da sai da na baranda suka leƙo.

Jami'ar ta ce, "Malam, ba allon nake gwadawa ba. In ba za ka iya goge wannan ba, ba zan iya barinta a ɗaki ɗaya da kai da shi ba. Yau zan rufe fayil ɗinta."

Sai yarinyar ta juyo a kan kujera. Ta ce, "Ku bar wa Baba. Ya kusa gamawa, kullum sai ya ƙirga. Ni zan je makarantar."

Duk muka zuba wa Yaya ido. Na jira ya ce a'a. Wallahi na jira, kuma da ya faɗa da na yafe masa komai, har da abin da ya yi mini tun ina ƙarama. Ya miƙa hannu ya jawo allon a hankali, ya rufe murfin, ya mayar hammata. Jami'ar ta mayar da tabarau ta fara rubutu.

Ranar Litinin ni na kai ta, uwar tana wurin aiki, uban kuma bai fito ba. Ajin nan ne dai, malamar nan ce dai. Ta gane ta nan take, kuma Allah ya saka mata, ko kalma ɗaya ba ta faɗa ba. Ta zaga neman kujerar da za ta ɗauke ta ba ta samu ba, ta zaunar da ita a layin baya, gwiwoyinta na tokare da tebur. Yaran suka yi mata caa, wata mai giɓi tana tambayarta ko ƙanwarta ta rako. Tsuntsuwa ta girgiza kai, ta ciro fensir ta ajiye a gabanta.

Shi kuwa ya gama mataki na sha biyu bayan kwana goma sha ɗaya, ba kuskure ko ɗaya. Matarsa ce ta faɗa mini a matattakala. Ban tambaye ta ba.